Kujerar Direba

Takarda na manne a gilashi: ta sayarwa ce.
Ƙofa biyar, har da ta baya
mai ɗagawa sama kamar hamma.
Telmo ya iso daga Lamego a bas ɗin safe,
yana bin wayarsa kamar mai bitar jarrabawa:
silinda uku, giya biyar ta hannu,
lita biyar a kilomita ɗari in hanya ta miƙe.

"Hanya ba ta miƙewa a nan," in ji Deolinda.
Ta nuna gonakin inabi da haɓa,
hawa kan hawa, kogin Douro can ƙasa.

Ya buɗe but. Lita ɗari biyu da hamsin, in ji waya.
Ita ba ta san lita ba.
Kwandon inabi huɗu ta sani,
shida in an kwantar da kujerun baya,
da tukunyar gas, da karen Amilkar
da ya riga ubangidansa tafiya da wata biyu.

Tsawonta bai kai mita huɗu ba,
shi ya sa take ratsa lungun bayan coci
inda motar likita ke barin fenti a bango.

Sai gwaji. Ya zauna, gwiwa ta daki sitiyari.
"Marigayin gajere ne?"
Ba ta tanka ba.
Amilkar sai ya sunkuya yake shiga ɗaki.

A tudun gidan burodi motar ta mutu.
Ya tayar, ta mutu, ta fara sulalewa da baya.
Gumi ya karyo masa.
"Ja burkin hannu. Sauko, ɗana."

Ta janyo kujerar da ya tura, ƙas, ƙas, har ƙurewa,
inda ƙarfen ya goge yana ƙyalli.
Ta saki kuloci
kamar mai zare hannu daga ƙarƙashin jariri,
mota ta haye, ko tari babu.

Shekara shida idon Amilkar na dushewa.
Su fita da duhu, su dawo da duhu,
ita a sitiyari, shi yana ƙirga kwana da baki.
Ranar Lahadi ya wanke ta a ƙofar gida,
makulli na reto a ƙugu, maƙwabta na gani.

Ta faɗi kuɗi. Babu ragi.
"In ka isa gida, kujerar nan za ta yi maka gardama.
Kada ka fizge ta.
Ɗiga mata mai kaɗan."