Tauraro Ɗaya

A rumfar Arzika, bayan tashar motocin Ƙonni,
inda ake hayar littafi dala ashirin kwana uku,
akwai wani kaye mai baƙin bango,
an ɗaure masa bik da zare
kamar akuyar da ake tsoron ta shiga gonar wani.
Duk wanda ya maido littafi sai ya zana taurari,
ya faɗi albarkacin bakinsa a layi ɗaya ko biyu.

Masu biyar ba su cika tsayar da ni ba.
"Ya yi daɗi." "Allah ya ƙara basira."
Barkar suna ce, kowa da irinta a aljihu.
Inda tauraro ya tsaya shi kaɗai,
kamar fitilar mai shayi daren da aka ɗauke wuta,
nan nake jawo benci.

Wani Tsahiru ya danna bik har takarda ta huje:
"Shafi arba'in tsoho na gyaran rediyo,
ba a yi faɗa ba, ba a yi soyayya ba.
A maido mini kuɗina."
Na karanta sau biyu.
Babana gyaran rediyo ya yi har idonsa ya ƙi,
warin dalmarsa bai bar hancina ba.
Abin da ya kori Tsahiru
shi ya kira ni da sunan yaranta.
Na biya, na rungumo littafin har gida.

Wata ba ta sa suna ba, rubutunta ƙanana kamar gero:
"Uwar ta mutu a tsakiya.
Da an gaya mini."
Shi ke nan.
Ban san laifin marubucin ba a nan,
na dai san akwai gidan da aka naɗe tabarma
a Tawa, bana ko bara,
kuma tauraron nan ba littafin ya auna ba.

Akwai mai gaskiya mai ɗaci kuma, Mushe Nomau,
da ya ƙirga kurakurai goma sha bakwai,
ya ce an sa damina a watan da rijiya ke ƙafewa.
Na duba. Haka ne.
Na ji haushinsa kwana biyu, sannan na gode masa a zuci.

Ranar da nawa ya zo,
littafin da duk unguwa ke rantsuwa da shi,
na kai ƙarshe da ƙyar, kamar tuwon da ya kwana ba miya.
Na zana biyu. Hannuna ya yi nauyi.
Arzika ya leƙo ta saman tabarau:
"Lantana, ke ma?"
Na ce ni ma.
Ya ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza,
na ce a'a, kazar ce ba ta son ƙarfe.

Lahadi, ana cin kasuwa, albasa har bakin hanya,
na iske wani dattijo kan bencina
da jakar leda da hular da ta sha wanki.
Yatsansa na bin layin Tsahiru a hankali,
leɓɓansa na motsi.
Arzika ya yi mini ido: shi ne, mai tsohon rediyon.
Na so in ce masa ni na ba shi biyar,
in ce masa na yi kuka a shafi na talatin.
Sai na ga ya fiddo guntun takarda,
yana kwafe zagin kalma bayan kalma,
har da inda yaron ya kuskure harafi.

Ya ninke, ya sa a aljihun gaba.
Ya ce, ba da kowa ba:
"Arba'in. Ashe ya kai arba'in ɗin
kafin ya ajiye."