Doka ta Bakwai

Mu tara ne a Yelwa, in an ƙidaya da Ishaya
wanda ba ya zuwa sai ya ji ƙamshin shayi.
Bayan shagon Ɗantani muke zama, Asabar ɗin ƙarshen wata,
ƙarƙashin eriyar da munka ɗaure a kan gora biyu
da wayar da a da igiyar shanya ce.

Ni ke riƙe da littafi,
ba don na fi kowa sani ba, rubutuna ne ke karantuwa.
Ɗantani shugaba, shekara biyu, babu ƙari.
Nomau ma'aji, gwangwanin madara ne bankinsa.
Malama Tsahara ke koyar da sababbi
har su ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da sunan kira,
sannan a yarda su taɓa makirfo.

Dokokinmu sha ɗaya, shafi guda.
Ta farko: saurara kafin ka buɗe baki,
wataƙila wani na kan layi.
Ta huɗu ta hana siyasa da tallar haja a iska.
Ta bakwai ni na rubuta ta da jan biro
bayan wata rigima da ba zan tona ba:
kwabo ba ya barin gwangwani
sai hannu biyar sun tashi a zaman ƙungiya.

Sai daren da Kwara ta cika ta batse.
Wayar kowa ta zama dutse a aljihu.
Magawata na can tsibiri da 'yar na'urarsa
yana kira, muryarsa na zuwa guntu-guntu,
batirinmu ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Nomau bai nemi hannu biyar ba.
Ya saƙala gwangwani a hammata,
ya buga wa mai batir ƙofa har ya tashi da zagi,
ya dawo da sabo a ka, ruwa har gwiwa.
Daga nan har kiran asalatu
Magawata na faɗin gida kaza, mutum kaza a kan rufi,
Tsahara na rubutawa,
Ishaya, e, Ishayan shayi,
na gudu babu takalmi zuwa wurin masu kwalekwale.

Asabar ta zo.
Abu na uku a takardata: Nomau.
Na karanta shi kamar mai tauna tsakuwa.

Ishaya ya ce abin kunya ne a ma ambata.
Ɗantani ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.
Ya ce, in munka kau da kai yau don dalilin ya kai,
gobe wani zai juye gwangwanin
da dalilin da bai kai ba, ya ce ai an taɓa.
A tashi hannu.

Huɗu sunka tashi, nawa a ciki, yana rawa.
Na biyar ya fito daga kusurwa.
Na Nomau ne.

Haka mu tara munka ci shi tara,
naira ɗari biyu.
Ya zaro ta, ya karɓa daga hannun kansa,
ya rubuta wa kansa rasit, ya miƙo in sa hannu.

Awa guda munka ƙara muna jan kalma
kafin doka ta bakwai ta yi jela:
sai fa in rai na cikin ruwa.
Tsahara ta so a ƙara wuta.
An ɗaga maganar zuwa wata mai zuwa.

Da magariba ta wuce munka kunna.
Ɗantani ya saurara, kamar yadda ta farko ta ce,
ya faɗi sunan kiransa,
ya ce, Magawata, ruwa ya janye? Gare ka.