Rabon da Ban Auna Ba

A Abijan na koye ta, bakin tashar jiragen ruwa.
Daren gadi ya yi tsawo,
wani ɗan Illela ya miƙo mini kara guda,
ya ce tana korar barci.
Na dawo Tawa da keken ɗinki, da akwatin ƙarfe,
da ita a aljihun gaba,
inda ya kamata hoton Haulatu ya zauna.

Gidanmu a Kurfayawa ɗaki ɗaya ne da rumfa.
Taga guda, ita ma na toshe da kwali saboda sauro.
Keke na gefen gado.
In salla ta matso, ni da dare sai asuba:
ƙafa tana taka keke, kara a leɓe,
toka na zuba cikin gwangwanin tumatir.
Su kuwa suna kwance, taku uku daga gwiwata.
Na ɗauka mai barci ba ya cin komai.

Haulatu ba mai faɗa ba ce.
Sai dai ta wanke zanen goyo, ta shanya,
ta sansana, ta sake mai da shi ruwa.
Ta ce idonta na yaji, na ce hayaƙin murhu ne.
Ta ce kanta na sarawa, na ce ranar Adar ce.
Murhu yana waje.
Ni ne a ciki.

Arzika ya zo duniya ba nauyi,
ungozoma ta ɗaga shi da hannu ɗaya.
Ya girma da usur a ƙirji.
In yaran unguwa suka fita ƙwallo
shi ne mai tsaron takalma.
Mun ba shi zuma, mun ba shi citta,
kunnensa ya yi ruwa, muka ce sanyi ne,
muka ƙara rufe ƙofa.

Jajibirin layya, riguna bakwai ba wuya,
na ji usur ɗin ya canza murya.
Fatar haƙarƙarinsa na shiga tana fita
kamar zugazugin maƙeri,
leɓensa ya rine kamar an tsoma a baba.
Ban san wanda ya kira ɗan kabu-kabu ba.
Na dai san na rungume shi a kan babur
da rigar da ke warin abin da ke shaƙe shi.

Likitar ba ta kai ƙanwata ba.
Ta saurari ƙirjin, ta sa masa iska,
sannan ta sunkuya ta sansana wuyan rigarsa.
"Wa ke sha a gidan?"
Haulatu ta dubi ƙasa.
Na cusa yatsuna biyu cikin aljihu,
waɗannan da suka yi launin goro.
Ta ce, "Malam, abin da ka fesar ba ya tafiya.
Yana cikin labule, yana cikin katifa,
yana jiran wanda huhunsa ya fi ƙanƙanta."

Ni da nake auna kafaɗa ba na kuskuren ɗan yatsa,
ni da nake raba yadi biyar ba a bar ƙyalle,
shekara shida ina yanka wa ɗana rabo
ban taɓa ɗora magwaji ba.

Na cire kwalin taga, na ɗinka gidan sauro.
Na fid da keke rumfa, na kai katifa rana.
Ba zan ce na daina ba, ƙarya ba ta ɗinkuwa.
Daga kwali guda na sauko kara uku,
su ma can bayan katanga, gindin dogon yaro,
kamar mai ɓoye bashi.

Shekaranjiya na dawo ban yi sallama ba.
Na tarar da shi bisa kujerata,
ƙafarsa ba ta kai matakin keke ba,
tsinken tsintsiya a gefen baki,
ya runtse ido ɗaya, yadda nake yi.

Ya ce, "Baba, dubi, na zama kai."

Ukun jiya suna nan a aljihu.
Har yanzu ban taɓa ashana ba.