Direban Sauti

Ƙarfe ɗaya na dare a Unguwar Rogo,
sanyin Jos ya gama ratsa bargo,
ni da laftof muna zaune kamar masu gadi.
Na soka iyafis a kafarta, na danna.
Saƙonnin Baba arba'in da uku ne,
na kwashe su daga tsohuwar wayata
kafin ita ma ta cika.

"Shafa'atu, mun baro Bokkos,
dankalin yau ya yi wa motar nauyi."
Muryarsa a cikin kunnena, ni kaɗai,
har da tarin injin a bayanta.

Sai kawai ta kuɓuce.
Ta fice daga kunne ta faɗa lasifika,
ta cika ɗaki, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa.
Na kifa murfin kamar mai kamun kaza.
Umma tana ɗaki na gaba,
wata bakwai ke nan
ba a ɗaga murya da sunansa a gidan nan ba.

Na zare, na mayar.
Na murza waya, na hura kafa,
na kashe, na kunna, na yi bisimilla.
Na shiga saiti na ce mata kunne nake so,
ta ce to,
minti biyu ta koma lasifika
kamar akuyar da ta gane hanyar lambu.

Na ari iyafis ɗin Nafi'u. Sammakal.
Ya ce, idonsa na kan wayarsa,
"Direban sautin ne ya mutu, Yaya,
sai dai a sauke sabo."
Sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.
Ya ɗauki buta ya fita,
alhali lokacin salla bai yi ba.

Na sauke sabon duk da haka.
Rabin datata ta tafi a kansa.
Shi ma sabon direban bai san hanya ba.

Ran Asabar na sauka a Taminus,
shagon Davou, ƙarƙashin matakala,
inda matattun kwamfutoci ke jingine da juna.
Ya sa tocila a baki, ya ɗauko tsinken sakace,
ya leƙa kafar kamar mai duba kunnen yaro,
ya zaro ɗan curin zare daga aljihun jakata,
bai kai ƙwayar dawa ba.
"Wannan ne ke hana bakin waya zama.
Ta ga kin sa, ta ga kin cire,
ba ta san wa za ta yi wa magana ba."
Na miƙa ɗari biyar. Ya ce in hau keke da ita.

Daren nan murya ta zauna a kunne daram.
Bokkos, Mangu, shingen sojoji,
tayar da ta fashe kusa da Barikin Ladi,
babu wanda ya zube a ƙasa.
Haka daren Lahadi. Haka na Litinin.

Ran Talata na ɗago kai,
ga Umma a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa,
ban san tun yaushe ba.
"An gyara abin?"
Na ce an gyara.
Ta dubi bangon da ke tsakanin ɗakunanmu.
"Shi ya sa. Kwana uku ina kasa kunne."
Ta zauna a gefen katifa, ta ja bargona kan gwiwa.
"Akwai wanda yake maganar tuwo.
Rannan kin yanke shi a tsakiya."

Na nemo na talatin da takwas.
Na kama bakin wayar da Davou ya zaunar,
na zare shi da hannuna.

"...ki ce wa Ummanku ta rufe min nawa,
ko da zan kai asuba."