Minti Goma Sha Biyu

Malam Arzika ya rubuta, alli na kuka a hannunsa:
jirgi mai inji, kilomita goma a awa in ruwa na kwance.
Kwara kuwa tana tafiyarta, biyu a awa,
ba ta nemi izinin kowa ba.
Daga Yelwa zuwa kasuwar wani gungu, ashirin da huɗu.
Zuwa da dawowa, awa nawa?

Na ce wannan ai tuwona maina.
Abin da ruwa ya ba ka da safe shi zai karɓe da yamma,
biyu ta shiga, biyu ta fita, an tashi canjaras.
Arba'in da takwas na raba da goma:
awa huɗu, minti arba'in da takwas.
Na ja layi biyu a ƙasa, na harɗe hannu.

Jan biro ya ratsa amsata kamar an yanka kifi.
Biyar, in ji Malam. Biyar cif.
Saura ka nemo inda ka zubar da su.

Minti goma sha biyu!
Na duba aljihu, na duba bayan littafi,
na bi su da ƙafa har bakin kogi,
inda Kawu Noma ke kwarfe jirginsa da yankakken galan.
Bai taɓa zama a benci ba,
agogonsa inuwar gora ce da nauyin jarkar mai.

Ya saurare ni bai ɗago ba.
Ya ce, kai yaro, wa ya ce maka tura da ja tagwaye ne?
In na gangara, tana tura ni, amma ɗan lokaci,
kafin goro ya mutu a bakina na iso.
In na juyo, ta riƙe mini wuyan riga
ta yi ta ja, ta yi ta ja,
kuma da yake ta rage mini gudu
sai ta sami sararin daɗewa tana ja.
Kwara ba ta ba da bashi sai da ruwa.

Na tsuguna, na share yashi da tafin hannu.
Goma da biyu, sha biyu: awa biyu a gangare.
Goma ba biyu, takwas:
takwas, sha shida, ashirin da huɗu,
uku.
Ga su nan kwance a jiƙaƙƙen yashi,
ba ɓata suka yi ba, kuɗin ruwa ne.

Sai na tuna Inna ranar kasuwa,
yadda take jinkirta ɗora tukunyar dare,
ta leƙa rana, ta ƙara ice ɗaya, ta dakata.
Ita ma ba ta taɓa raba nisa da gudu ba.
Ta dai san mai dawowa
ya fi mai tafiya daɗewa a hanya.