Layin Tanpit

Shekara huɗu ina rubuta sunan a bayan ambulan:
Tanpit, lamba goma sha tara, gefen Walsall.
Ban taɓa tambayar ma'anarsa ba.
Wa ke bin diddigin suna in kuɗin haya da sauƙi?

Sai ranar da bututu ya fashe a ƙofar gida,
ma'aikata suka ɓare kwalta,
ƙasa ta fito baƙa wuluk, da wani wari
da hancina ya riga ni ganewa.

Misis Pargeter ta leƙo ta kan shinge,
kofin shayi na rawa a hannunta.
"Ramukan jima ne," in ji ta, "goma sha biyu,
daga nan har inda ake ajiye motoci.
Kakana ya shekara talatin a bakinsu.
Ko a coci, benci guda ake bar masa shi kaɗai."

Na yi dariya har ta tsargu.
Na ce, nawa kakan, Nomau Majemi,
can Sakkwato, in ya shigo sahu
sai ka ga kafaɗu suna neman hanya.
Ku da ɓawon itace, mu da bagaruwa,
amma farcen ɗaya ne, ba ya fita da sabulu.

Ta ce an taɓa kawo takarda gida-gida,
za a sauya wa layin suna da na wata fure
don farashin gidaje ya ɗaga.
Ta karɓi biron mutumin,
ta rufe ƙofa da shi a hannunta.
Yana nan cikin durowa har yau.

Da dare na kasa barci.
Nomau kan ɗaure fatun awaki ashirin-ashirin,
jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko,
daga nan bai san inda suke kwana ba,
bai kuma tambaya ba.
Ko wata ta riga ni zuwa garin nan,
ba biza, ba rigar sanyi,
ta zama shimfiɗar sirdin wani?
Allah masani.

An gyara bututun ranar Laraba.
Facin kwaltar ya fi sauran duhu,
faɗinsa kamar buzu.
'Yata Hanne tana tsallake shi in za ta makaranta.
Ni kuwa takawa nake yi.