Jarumin Da Ya Koma Dafa Taliya

Shekara talatin da ɗaya ina wannan shago
a lungun Nipponbashi, birnin Osaka,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai gasa kifi,
ina sayar da wasannin bidiyo.
Na ga yara sun shigo da sulalla a tafin hannu,
na ga sun dawo da sanƙo da katin banki.

Ranar Alhamis aka sauke sabon.
Ba na bakwai ba ne, wanda ake dako shekara tara;
reshe ne ya tsiro a gefen kututture.
Genza, mai Takobin Ƙanƙara,
wanda ya sare macijin teku har sau shida,
ya rataye takobi, ya ɗaura ƙyalle a goshi,
ya kafa rumfar taliya a gindin gada.
Aikinka ka yanka albasa, ka kula da romo,
kada ƙwai ya wuce minti shida a wuta.

Kafin Asabar gari ya ɗauka.
Suka yi dafifi a ƙofata da lema, ruwa na zuba,
wannan ya ce cin amana,
wancan ya ce kamfani ya ga kuɗi ya makance,
wani ya zana wa hoton Genza hawaye da jan alli,
sai da na sa soso da sabulu.
Ni me na sani? Kwali aka kawo, na jera.

Sai ga Udagawa Morimasa.
Na san shi tun bai kai tsayin kantata ba;
kakarsa ce ta cika masa yen ɗari uku
ranar da ya sayi na farko.
Yanzu kwat ce a jikinsa, da jakar ofis.
Ya dire kwalin kamar mai dire gawar ɓera:
"Tsoho, karɓi abinka.
Na bi mutumin nan cikin dusar ƙanƙara,
na mutu dominsa sau dubu,
na faɗi jarrabawa saboda shi,
yau a ce in riƙe masa ludayi?"
Muryarsa na rawa.
Ban ce masa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.
Ban ce abin da ya zo nema ba ya cikin kwali,
yana can a ɗakin kakarsa da aka rushe,
gaban talabijin mai ƙusumbi.
Na ƙirga kuɗinsa na ba shi.

A bayansa 'yarsa Kozue, shekara bakwai,
ta riƙe gefen kwat ɗin, idonta kan kwalin.
Da za su fita ta waiwayo, ta rage murya:
"Na kai dare na takwas.
Gobe ne baƙon zai zo."

Na sa kwalin ƙarƙashin kanta, ban mayar kan layi ba.

Kwana goma sha ɗaya.
Masu lema sun koma wani fushin,
an ce wani kamfani ya canza launin gashin wata jaruma.
Dab da rufe shago, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.
Udagawa ne, shi kaɗai, yana duban takalminsa.
"Yarinyar ce ta dame ni," in ji shi.
Na miƙa. Ya biya. Bai tafi ba.
"Wai da gaske ne, a dare na tara
macijin teku ne ke zuwa cin taliya,
ya tsufa, ba haƙori?"

Na ce ban sani ba, ni albasa ta ke ƙonewa tun dare na biyu.

Ya ce, "Har yanzu ban yafe musu ba."
Na ce to.
Ya cusa kwalin cikin kwat kada ruwa ya taɓa shi,
ya fita.